Korona ta lafa, ni kuwa na kasa komawa daidai

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a Kano, 'ya'yana biyu. Da korona ta shigo garin a watan Afrilun 2020, sai aka tura ni ɓangaren killace masu cutar. A cikin rigar kariya na yi azumin shekarar, gumi har cikin takalmi. Mutane sun cika a hannuna babu ɗan'uwa ko ɗaya a kusa. Na daina rungumar yarana, maƙwabta kuma suka hana nasu shigowa gidanmu.

Yanzu cutar ta lafa, amma barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya mini daɗi, haka kawai sai in fashe da kuka. Da na ɗauko fararen kayana gabana sai ya faɗi. Maigidana ya ce raunin imani ne. Ina tsoron zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada abokan aiki su ce na zare.

Taki, Maman Biyu

Wa'alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya saka miki da alheri.

Wannan ya yi kama da ciwon tsananin damuwa, kuma cuta ce kamar hawan jini. Ke da kanki kin sani, idan irin waɗannan alamu suka wuce mako biyu suna hana mutum harkokinsa, likita ake nema. Ba ke kaɗai ba ce. Likitoci da nas-nas da yawa a faɗin duniya sun fito daga annobar nan da irinsa.

Maganar imani kuwa, ban yarda da maigidanki ba, ko da yake na san alheri yake nufi. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Ki riƙe addu'a, ki kuma je asibiti. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ki tafi da maigidan naki ya ji daga bakin likita.

Don Allah kada ki ɗebi ƙwayar barci a wurin aiki ki sha da kanki, nan ne mutane da yawa ke faɗa wa jaraba. Idan an rubuta miki magani, yakan ɗauki makonni kafin ki ji sauƙi, kada ki yanke. Ki roƙi metiron, wato shugabar nas-nas, ta ba ki hutu ko ta sauya miki ɗaki.

Idan kuwa zuciyarki ta taɓa raya miki gara mutuwa, ki faɗa wa wanda kika amince da shi, ku je asibiti a ranar, kada ki bari sai gobe.

Gwaggonki