Iskar harsashin duzset tana gutsure hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Daga Tawa nake rubuto maka, unguwar Bilbis. Gardama ce ta kaure a fadarmu har shayi ya huce a buta. Wani abokinmu ya rantse cewa babbar bindigar nan da ake kafawa a bayan motar sojoji, wadda ake kira duzset, ko harsashinta bai taɓa mutum ba iskarsa kaɗai tana gutsure hannu, in kuwa ya same shi sai ya yi sama da shi ya watsar kamar a fim. Muka ce sai mun ji daga bakin wanda ya riƙa ta.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gai da ƴan fada, ka ce wa abokin naku ya shirya kaffara, domin duka biyun bai dace ba. Sai dai kada ku cika yi masa dariya. Ni kaina na sha jin wannan magana daga bakin masu kaki a shekarun da na yi ina koyar da harbi.

Sunan duzset daga Faransanci ya zo, ma'anarsa 12.7, wato kaurin harsashin a milimita. Iri biyu ne suka fi yawo a ƙasashenmu: na Amurka, wanda John Browning ya ƙirƙiro a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, da na Rasha, wanda bindigar DShK ta 1938 take ci. Harsashin na Amurka nauyinsa wajen giram 43 ne, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 890 a daƙiƙa. Na kalash giram 8 ne kacal, gudunsa wajen mita 715. In aka auna ƙarfin da kowanne ya ɗauko, duzset ta ninka kalash fiye da sau 8. To, maganar ƙarfi babu gardama a kanta. Inda ake kuskure shi ne abin da ƙarfin yake aikatawa.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira ƙarfi: ƙarfin hudawa da ƙarfin turawa. Ɗauki ɗan kabu-kabu da fasinjansa, su da babur ɗin kilo 200, suna gudun kilomita 47 a sa'a. A lissafi, kuzarin da ke jikinsu daidai yake da na harsashin duzset. Amma turawar babur ɗin ta ninka ta harsashin kusan sau 70, saboda turawa nauyi take bi, shi kuwa hudawa gudu ya fi bi. Shi ya sa babur yake cilla mutum cikin kwata, harsashi kuwa ya ratsa ya wuce. Ko da a ce harsashin duzset ya tsaya cak a jikin mutum mai kilo 70, ya zube masa turawarsa duka, abin da zai gusa da shi wajen rabin mita ne a daƙiƙa. Tsohuwa mai zuwa kasuwa ta fi haka sauri. Na kalash kuwa santimita 8 ne a daƙiƙa, dungurin yaro ma ya fi shi.

Akwai hujja mai sauƙi da ba ta buƙatar alƙalami. Tun 1687 Newton ya rubuta cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai gwargwado. Da harsashi yana ɗaga mutum sama, da mai harbin ma ya tashi ta baya. Ga bindigar Barrett M82, wannan harsashi take ci, nauyinta wajen kilo 14, kuma a kafaɗa ake dafe ta. Tana duka, ba wasa, amma ban taɓa ganin ta kwashi mutum ba. Faɗuwar da ake gani daga karyewar ƙashi ne, ko taɓuwar laka da jijiya, ko zabura irin ta mai rai. Wanda ya taɓa riƙe ragon layya ya san shure-shuren ba wuƙa ce ke yin sa ba. A fim kuwa igiya ake ɗaura wa ɗan wasa a ƙugu, a fizge shi.

Yadda ake gwadawa ma tsohon abu ne. A 1742 wani Baturen Ingila, Benjamin Robins, ya rataye gungumen katako ya harbe shi, ya auna iya lilon da ya yi, daga nan ya lissafa gudun harsashi. Yanzu na'ura ce ke auna gudu, rauni kuma ana gwada shi a cikin wani daskararren abu mai kama da ƙullun alewa, wanda likitan sojan Amurka Martin Fackler ya daidaita haɗinsa a shekarun 1980 don ya yi kusa da tsokar mutum. Kankana da jarkar ruwa da kuke gani ana fasawa a waya, ado ne. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake tarwatsewa haka.

Maganar iska kuma, takarda ta ishe ku shaida. A filin harbi abin saitin kwali ne da aka manna wa takarda da kusoshi huɗu. Sau da yawa nakan tura sabbin shiga su ciro ta bayan an harba duzset, in ce su duba. Rami ne zagayayye, ɗan yatsa yake ɗauka, gefensa da ɗan baƙi. Takardar da ke santimita ɗaya daga ramin ko yagewa ba ta yi ba. Iskar da ta kasa yaga takardar da harsashin ya ratsa ta tsakiya, ita ce za ta cire hannun da ke can gefe? Abin da wanda harsashi ya gifta yake ji shi ne wata ƙara kamar ta bulala, saboda harsashin ya fi sauti gudu fiye da sau biyu. Ƙarar tana razanarwa, kuma ina jin daga nan labarin ya samo tushe.

Da ni ne a fadarku, da a kan nisan da harsashin ke kaiwa zan yi gardama. Harsashin duzset da aka harba a karkace yana iya kaiwa wajen kilomita 6 da ɗoriya, tafiyar fiye da sa'a guda a ƙafa, kuma ya sauka da sauran ƙarfin kisa. Ƙofar mota da kwanon rufi ba su tare ko na kalash, balle shi. Wanda aka harba sama tsaye ma yana dawowa: gwajin sojan Amurka Julian Hatcher ya nuna harsashin bindiga yana faɗowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, wanda ya isa ya huda fata. Masu harbin murna ba su ganin inda nasu yake sauka.

Iska mai cutarwa tana nan, amma a bakin bindigar take. Hucin albarushi yana tayar da ƙura, ya daki ƙirjin wanda ke tsaye kusa, ƙarar kuma ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da likitoci suka ce kunne yana lalacewa nan take. A zamaninmu ganin ragwanci ake yi wa mai toshe kunne, muka biye. In Allah ya kawo ka Yamai ka neme ni mu sha shayi, amma ka zauna ta hannun damana, na hagun ya daɗe da yin ritaya.