Ku Tambayi Baba Ma'aji: Mu buɗe asusun ginin coci a daren Kirsimeti?

Tambaya: Baba, gaisuwa mai yawa. Ni ce sakatariyar kwamitin gini a cocinmu na Katolika. Cocin ya yi mana kaɗan. Bara a daren Kirsimeti mutane da yawa a waje suka tsaya, ta taga suka ji wa'azi. Muna so mu buɗe asusun sabon gini a Mas ɗin daren Kirsimetin bana, amma kan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce lokacin hidima ne, kada a ɗora wa mutane kaya. Wasu na so a riƙa kiran suna da abin da kowa ya bayar, wai don a zaburar da masu hannu da shuni. Ga kuma masu tuna mana cewa an taɓa tara kuɗin rufi, aka yi wani aiki da shi. Ta ina za mu fara? 'Yarka, sakatariya.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Shekara 11 na yi ina riƙe da littafin kuɗin coci, saboda haka wasiƙarki ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Lokacin da kuka zaɓa ba shi da laifi. A daren ne ake karanta mana cewa Maryamu ta kwantar da ɗanta a komin dabbobi don ba su sami ɗaki a masauki ba. Wanda ya ji wannan karatu yana tsaye a waje, goye da yaro ko riƙe da hannun tsohuwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A ranar kuma ake ganin 'ya'yanku da ke aiki a nesa. Amma Mas ba wurin ciniki ba ne. Fada ya yi sanarwa ta 'yan mintoci kafin albarkar ƙarshe, ya isa.

Sai dai ban ga kin ambaci takardar Bishop ba. A dokokin Ikklisiya da Paparoma John Paul na Biyu ya sa wa hannu a 1983, doka mai lamba 1215 ta ce ba a gina coci sai da yardar Bishop a rubuce. Shi ma ba zai bayar ba sai ya ji ta bakin majalisar Fadoci da shugabannin cocin da ke maƙwabtaka da ku, ya kuma gamsu cewa abin da za a yi ginin da shi ba zai yanke ba. In takardar ba ta zo ba, ku roƙi Fada ya nemo ta tun a makonnin jiran Kirsimeti. Ku sa masanin gini ya yi muku lissafi daga tushe har rufi. Ubangiji da kansa ya ce, a Luka 14, mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi.

Maganar kuɗin rufin nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Masu tuna muku da ita ba 'yan hana ruwa gudu ba ne, gaskiya suka faɗa. Doka ta 1267 ta ce baikon da aka bayar don wani aiki, wannan aikin kaɗai za a yi da shi. Ko da alheri aka yi da kuɗin, an karya alkawari, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ku rufe zancen. Tun kafin Kirsimeti, wani ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi nawa aka tara da inda ya tafi, ya nemi gafara.

Irin wannan ta faru tun zamanin Sarki Yowash. Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Sarakuna na Biyu, sura 12. Ana ta karɓar kuɗin gyaran Haikali, har sarki ya kai shekara 23 a kan gado, ba a gyara kome ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙidaya. Tare, 'yata. Haka muka riƙa yi: mutum uku a tebur guda, ƙofa a buɗe, ɗaya na ƙirga, ɗaya na sake ƙirgawa, na uku na rubutawa, kowa ya sa hannu kafin a tashi. Kuɗin gini ya zama yana da asusunsa dabam a banki, ba a cirewa da hannun mutum ɗaya. Kowane wata a manna lissafi a bakin ƙofa. Doka ta 537 ta wajabta kwamitin kuɗi a kowace faris, wato yankin cocin da Fada ke kula da shi, ta 1287 kuma ta ce a ba wa masu bi lissafin abin da suka bayar. Ba alfarma kuke yi musu ba.

Kiran suna kuwa, ina roƙonku ku bar shi. Na taɓa zama a gaban tebur ana kira, ana tafi. Akwai wata tsohuwa da ke share mana coci kowace Asabar. Na gan ta ta kwance bakin zanenta, ta dubi abin da ke ciki, ta dubi mai riƙe da makirfo, ta mayar ta ɗaure. Ana cikin tafa wa wani babban mutum ta sulale ta ƙofar gefe. Har wata ya ƙare ban sake ganinta a Mas ba, ga shi ni ne na rubuta jerin sunayen da hannuna. Manyan alkawuran da aka yi wa tafi a ranar, da yawansu ban taɓa ganin cikonsu ba. Ita kuwa, da muka ajiye akwati mai huda a bayan coci, ba Lahadin da ba ta tsaya a gabansa ba.

Masu cewa lokacin hidima ne su ma suna da hujja. Don haka kada ku nemi kuɗi a hannu a daren. Ku raba ambulan da 'yar takardar alkawari, kowa ya tafi da ita gida, ya zauna da iyalinsa, ya rubuta abin da zai iya bayarwa kowane wata, ya dawo da ita a rufe cikin Janairu. Ku ba wa yara nasu ambulan. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da sana'ar hannu ko ƙarfin ɗaukar bulo, a bar masa wurin da zai rubuta hakan. Taimakon da kuka saba yi wa gwauraye da marasa lafiya a Kirsimeti kuwa, kada a taɓa shi saboda gini.

In wani a kwamiti ya ƙosa, ki gaya masa cocin Bitrus mai tsarki da ke Roma an fara shi a 1506, sai a 1626 aka keɓe shi. Ku yi naku mataki mataki, kada ku ci bashin da baikon Lahadi ba zai iya biya ba, kuma kada ku rushe tsohon coci sai sabon ya sami rufi.