Haƙorin da na tsinta a Yuta, zan iya sayarwa?

Tambaya: Barista, ina karatu a jihar Yuta ta Amurka. Mun je yawo kudancin jihar, na tsinci wani baƙin haƙori, tsawon ɗan yatsa, gefensa kamar zarto. Abokina ya ce na kakan ƙadangaru ne, wato dainoso, kuma Trump ya cire wurin daga gandun Grand Staircase-Escalante da gwamnati ta keɓe, don haka tsintuwa ce. Har an taya dala 800.

Amsa: Malam, dakata da cinikin nan tukuna. Abokin naka ya ji ƙarshen zance ne bai ji farkonsa ba. Gaskiya ne Clinton ya kafa gandun a 1996, Trump ya zabge kusan rabinsa a Disambar 2017, har ƙungiyar masana ƙasusuwan halittun zamanin da ta shiga kotu, saboda tudun Kaiparowits da ke yankin cike yake da ƙasusuwa, ga kuma kwal a ƙarƙashi. Biden ya maido da iyakar a Oktobar 2021. Amma duk wannan ja-in-jar ba ta taɓa matsalarka ba. Ko a shekarun da aka rage gandun, filin na gwamnatin tarayya ne, a hannun BLM, hukumar kula da filayen gwamnati.

Dokar da ta hau kanka ita ce ta 2009 mai kare burbushin halittun da. Ta yi sassauci kan ɗan abin da mutum zai ɗiba don kansa na ganye ko katantanwa da suka zama dutse, a wasu filaye, ban da sayarwa. Duk halitta mai ƙashin baya kuwa sai da izini, kuma ko mai izinin gidan tarihi yake kaiwa. Idan darajar abin ta haura dala 500, ɗauri na iya kaiwa shekara 5. Ban ce za a kai ka can ba, domin hukuncin na wanda ya yi da saninsa ne, kuma ban ga haƙorin ba. Sai dai wanda ya karɓi kuɗi, da wuya a yarda bai sani ba.

In da ni ne, ba zan goge shi ba, ba kuma zan je in jefar da shi a ɓoye ba. Masana sun fi damuwa da inda ya fito, don haka ka adana hotunan wayarka na ranar. Ka nemi lauyan da ke da lasisin Yuta ya tuntuɓi ofishin BLM a madadinka, a miƙa shi da bayanin wurin. Mai yiwuwa a tsaya kan gargaɗi ko tara. Kuma ka gaya wa lauyan cewa da bizar karatu kake zaune, kafin ka sa hannu a kowace takarda.