Zuwa ga ƙanwata mai son tahowa Ingila karatu da yara biyu

Ƙanwata, saƙonki ya same ni a cikin bas ina hanyar ɗauko yara, shi ya sa na bari sai da suka yi barci. Kin ce rabonki da aji shekara shida ke nan tun bayan bautar ƙasa, babbar 'yarki shekararta huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba, kuma kina son zuwa yin digiri na biyu ki taho da su kamar yadda na yi. Kika rufe da cewa, "Yaya, anya zan iya kuwa?"

Karatun dai za ki iya, wannan ba ya damuna. Kan da ya fitar da ke daga Bayero yana nan, ƙura ce ta hau shi, mako uku ta kakkaɓe. Matsalar ita ce ƙofar da na shigo ta an rufe ta. Na zo a 2022, lokacin da mai digiri na biyu yake iya tahowa da iyalinsa. Daga 1 ga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta soke wannan. Yanzu ba mai zuwa da iyali a bizar ɗalibi sai mai karatun bincike, wato digirin digirgir ko digiri na biyu na bincike zalla, ko kuma wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa a karatun da ya haura wata shida. Digirin nan na shekara ɗaya da ake zama a aji, wanda yawancinmu muka zo yi, ya fita daga lissafi. Duk dillalin bizar da ya rage murya ya ce miki "akwai hanya", ki damƙe jakarki.

Ko kin samu na binciken, ba a ba yaro biza idan ɗaya daga cikin iyayensa yana gida, sai in kin nuna ke kaɗai ke riƙe da shi ko akwai wani babban dalili. Ke nan da maigidanki za a yi tafiyar, ya ajiye aikinsa ko kasuwarsa. Kun taɓa zama kun yi wannan maganar, ko har yanzu a "Allah ya sa alheri" ya tsaya?

Sai kuɗi. Ban da na makaranta da na ciyar da kanki, kowane mutum da za ki taho da shi sai kin nuna masa fam 680 a wata har wata tara, in ba a Landan ba ne, kuma kuɗin su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga kuɗin lafiya, fam 776 a shekara kan kowane kai, har na goye. Ki ninka da farashin fam na yau, ki zauna tukuna kafin ki duba amsar. Aiki kuma awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi a mako lokacin zangon karatu, tallafin yara da gwamnati ke ba 'yan ƙasa kuwa ba ruwanki da shi.

Amma ni ba kuɗi ne ya fi ba ni kashi ba, raino ne. A gida ba mu san raino dukiya ba ne. Ki miƙa wa Hajiya yaro, ki leƙa ta katanga ki ce wa maƙwabciya "don Allah ki sa min ido", ƙanwar miji ta goya, ki dawo ki tarar an yi masa wanka ya ci tuwo. A nan kowace awa saye ake yi. Yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana da awa 15 kyauta a mako a gidan raino, mako 38 a shekara, kuma wannan ya haɗa da 'ya'yanmu. Babbar za ta shiga firamare kyauta a watan Satumban da ya biyo bayan cikarta huɗu, har da abincin rana. Ƙaramin naki fa? Daga aljihunki, kuma rainon yaro ɗaya cikakken mako yana iya kamo kuɗin hayar gida. Kar ma ki yi tunanin kulle su ki ruga laburare ki dawo. Wani abu ya faru, ko maƙwabci ya buga waya, sai ki ga jami'an kula da yara a bakin ƙofa.

Ba na mance wata Laraba a Disambar shekarata ta farko. Lakca na ƙarewa ƙarfe huɗu, makarantar babbar na tashi uku da kwata, maigida ya kwana wurin aikin dare bai farka ba. Na sulale daga aji, na fito gari har ya fara duhu, don a hunturu rana kan faɗi kafin huɗu. Ina tura keken ƙaramin cikin yayyafi, jakar kwamfuta a baya inda ya kamata a ce goyo yake, sai ya kwara amai a kan rigar sanyinsa. Ƙa'idarsu kuwa, yaron da ya yi amai ba ya komawa sai bayan awa 48. Ranar Juma'a da tsakar rana zan miƙa rubutu mai kalma dubu uku. Na zauna a dandamalin ƙofar gida na yi kukana son raina, sannan na shiga na cike takardar neman ƙarin lokaci. Suka ba ni mako guda ba tare da wata tuhuma ba. Wauta ce ta sa na yi wata uku ina jin kunyar faɗa wa malamaina cewa ina da yara.

Abu biyu suka tsamo ni. Na farko, na daina karatun dare, don uwar da ta wuni a tsaye ba ta gane komai ƙarfe goma sha ɗaya. Na koma tashi ƙarfe huɗu, in yi rubutu har shida da rabi, asuba ta same ni a tsakiya. Na biyu, adashen raino. Ni da wata 'yar Sudan da muka haɗu a masallaci muka raba kwanaki, Litinin da Alhamis nata suna wurina, Talata da Juma'a nawa suna wurinta. Da wannan adashen na rubuta kundina, ba da wata ƙwazo ta musamman ba.

Akwai masu barin yaran wurin kaka su zo su yi shekara ɗaya su koma. Ana yi, ban kuma ga laifinsu ba. Sai dai na ga wata tana kiran bidiyo, yaron ya ɓuya bayan zanin kakarsa ya ƙi kallonta, ranar ko ruwa ba ta iya sha ba. Ke kika san zuciyarki.

Da ni ce ke, da a gida zan yi digiri na biyun, a Bayero ko Zariya, ko jami'ar karatu daga gida in fita ta yi wuya, Hajiya na kusa, ƙaramin na tasawa. Ki dage ki yi kundi mai kyau, da shi za ki nemi gurbin digirin digirgir da tallafi, a lokacin yaran duka sun isa makaranta, doka ma ta ba ki damar tahowa da su. Shekara biyu ko uku ne, ba gudu za su yi ba.

Ki turo min sakamakonki na digirin farko da fannin da kike so, in duba miki malaman da ke aiki a kai. Ki gaida Hajiya, ki shafa min kan yaran.