Tambayoyinku: Gwanjo a Intanet, La'ada da Saƙon Biya na Bogi

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan gwanjon intanet suka taru. Da alama wani ya sake yin bidiyo yana cewa dala na zuba a can ba tare da gumi ba. To, bismillah.

Tambaya: Malam, baduku ne ni a Kano, ina ɗinka jakunkunan fata. Ina so in riƙa sa su a gwanjon eBay. Yaya tsarin yake, kuma nawa suke cira?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da sana'a. Shafin saye da sayarwa na eBay tsoho ne, tun 1995 Pierre Omidyar ya buɗe shi a Amurka. Za ka sa hoto da bayani da farashin farawa, ka zaɓi tsawon gwanjon: kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Mai taya yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya, shafin ya riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya ɗara shi. Gogaggun masu saye kuwa ba sa motsi sai a daƙiƙun ƙarshe, don haka kada hawan jini ya kama ka in ka ga kwana 6 shiru.

La'adarsu a yawancin kaya tana kusan kashi 13 cikin 100, kuma a kan jimillar abin da mai saye ya biya ake lissafa ta, har da kuɗin aike. Ka ɗauka jaka ta tashi a dala 50, aike dala 30. A kan dala 80 za a cire, wato sama da dala 10 ta tafi. Mai kai kaya ya karɓi 30 ɗinsa, kai ka tsira da ƙasa da 40, ba a yi maganar kuɗin fata da zare ba. Bayan eBay ta rabu da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, a 2015, sannu a hankali ta koma tana tafiyar da biyan kuɗi da kanta, masu sayarwa a ƙasashe da yawa kuma ta wani kamfanin tura kuɗi mai suna Payoneer ake biyan su. Sabon shiga yana da iyakar kayan da zai sa a wata, kuma akan riƙe kuɗinsa na ɗan lokaci.

A ganina jakarka ba kayan gwanjo ba ce. Gwanjo na amfani ne ga abin da ba a samunsa ko'ina, wanda mutum biyu za su yi ta ja-in-ja a kansa. Kai da za ka iya ɗinka wata gobe, yanke mata farashi kawai. Kuma ka tsaya a fatar akuya da ta saniya. Fatar kada da ta mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, ba a fitar da su sai da takardar izini.

Tambaya: Hotunan kayana sun cakuɗe da na biki da na yara a waya. In mai saye ya tambaya sai in yi ta lalube. Daga wata 'yar kasuwa a Damagaram.

Amsa: Hajiya, ba wayar ce da laifi ba. Ki ba kowane kaya lamba, ki rubuta ta a ɗan kwali, ki fara ɗaukar hoton kwalin kafin na kayan. Kowace lamba da jakar ajiyarta a Google Drive. Sannan ki buɗe jadawali ɗaya a Google Sheets: lamba, kuɗin sari, ranar sawa, farashin da ya tashi, kuɗin aike. Ni duk wanda ya zo mini da zancen ciniki babu wannan jadawalin, ba na ma sauraronsa.

Tambaya: Malam, na sa kwamfutata a gwanjo. Wani Bature ya turo saƙo cewa in rufe gwanjon, zai ba ni fiye da abin da ake tayawa, mu koma WhatsApp. Yanzu imel ya shigo daga PayPal cewa kuɗin na riƙe, za a sake su da zarar na turo lambar bin sawun kaya. Wane kamfanin aike ya fi sauri?

Amsa: Babu ko ɗaya. Ajiye kwalin nan, ka zauna mu yi magana.

Wannan damfarar ta girmi wasu daga cikin masu karanta shafin nan, amma har yau tana cin mutane, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne masu wayo take ci. Wanda ya iya buɗe asusu, ya rubuta bayanin kaya da Turanci, shi ne zai ga tambarin kamfani a imel ya miƙe tsaye. Tambari hoto ne, ɗan'uwa. Yaron da ke shagon buga takardu na unguwarku zai kwafo maka shi kafin shayinka ya huce.

Ka taɓa sunan wanda ya turo imel ɗin, cikakken adireshin zai fito. Za ka tarar ko dai na Gmail ne, ko an ƙara wasu haruffa a jikin sunan kamfanin. Ko da adireshin ya yi kama da na gaske, hujja ɗaya ce tal: ka rufe imel ɗin, ka buɗe manhajar eBay da hannunka, ka duba ko shafin ya nuna an biya. In babu a can, babu shi a ko'ina. Kada ka danna mahaɗin da ke cikin saƙon, domin sau da yawa shafin bogi ne da zai kwashe kalmar sirrinka, a haɗa maka asara biyu.

Ka kuma tambayi kanka, wane mai hankali ne zai ga kaya ana tayawa da araha ya ce a'a, shi sai ya biya da tsada? Dalilin da ya sa yake janye ka zuwa WhatsApp shi ne duk kariyar da eBay ke ba mai sayarwa tana aiki ne kawai in an yi cinikin a cikin shafin. Da ka fita, ba ka da wurin kai ƙara, kuma dokar shafin ma ta hana, suna iya rufe maka asusu. La'adar da kake murnar ka kauce mata, ita ce kuɗin mai gadi.

In ka ci gaba da shi, ga abin da zai biyo baya. Zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar masa da ragowar. Ko ya ce sai ka biya wani kuɗi kafin a "buɗe" asusunka. Ko ya ce kayan na ɗansa ne, a kai wata ƙasa dabam. Duk zare ɗaya ne. A gida ma haka ake yi da alat na bogi: saƙon tes ya shigo, mai shago ya miƙa kaya, sai da yamma ya duba asusu ya ga wayam. Masu sayarwa a Jiji da Facebook Marketplace, da ku nake. Ba a sallama kaya da saƙon tes ko hoton rasit, sai an ga kuɗi a manhajar banki.

Ka toshe mutumin, ka kai rahotonsa a shafin, ka canja kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa a waya. Shi kuma "Baturen" naka, kada ka yi mamaki in a bayan layinku yake zaune.

Tambaya: Zan iya sa ƙanina ya riƙa taya kayana don farashi ya hau?

Amsa: A'a. Dokar eBay ta hana, kuma ba wuya su gane asusu biyu da ke shiga ta waya ɗaya ko intanet ɗaya. Kafin eBay ma, malaman fiƙihu sun san wannan da sunan najashi, kuma an yi hani da shi. In kana tsoron kaya su tafi da araha, ka ɗaga farashin farawa, ko ka sa farashin ajiya wanda in ba a kai shi ba babu ciniki.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa gwanjo ya ƙare?

Amsa: Lokacin da masu sayenka suke farke. Gwanjo yana ƙarewa ne a daidai sa'ar da ya fara. Najeriya da Nijar suna gaban birnin New York da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi, don haka ƙarfe 8 na darensu ƙarfe 1 ko 2 na dare ne a nan. Ba sai ka hana idonka barci ba, akwai wurin tsara lokacin farawa.

Tambaya: Zan yi gwanjon tsohuwar wayata. Na goge hotuna, ya isa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Bai isa ba, ƙanwata. Ki fara fitar da asusunki na Google, ko na iCloud in iPhone ce, sannan ki mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. In kin juya tsarin, wayar na iya kullewa a hannun mai saye tana neman kalmar sirrinki, ya dawo miki da ita yana zagi. Ki cire layi da katin ajiya, ki rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar, a jadawalinki kafin ki naɗe ta, tana fitowa in kin danna *#06#.