Amsar Kawu a kan gudumar masu duba tarago

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso, ina fatan kana lafiya kai da abokan karatunka. Ka ce ka ga hoton wata tashar jirgin ƙasa a Rasha, mutum yana bin taragai da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu, har yana taɓa wani wuri da bayan hannu. Ka tambaya ko wannan al'ada ce kawai ta 'yan reluwe da suka gada, kuma me ya sa malaminku ya ce wannan ƙwanƙwasar tana da alaƙa da tankokin yaƙi da takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar.

Al'ada ce, amma mai dalili. Ka san yadda iyayenku mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya kuɗi. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ta yi ƙib. Ƙafar ƙarfe ma haka take. Sai dai abin da mai gudumar ya fi damuwa da shi shi ne akwatin da ke ƙarshen aksul (sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu), inda boris yake, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya masu mirginawa wanda aksul ke juyawa a cikinsa. Yana buga murfin don ya ji ko wani abu ya kwance a ciki, yana taɓawa don ya ji zafi. Bayan hannu ake sawa saboda ya fi tafi saurin jin zafi, kuma ya fi saurin janyewa. Yanzu akwai na'urorin auna zafi a gefen layi, duk da haka ba a yar da gudumar ba.

Ga yadda boris ke mutuwa. Robar da ke toshe bakinsa ta lalace, ƙura da ruwa su shiga, giris ya tsinke ko ya bushe. 'Ya'yan boris su fara cin hanyarsu, ramuka ƙanana su fito, zafi ya tashi. In ba a tsayar da jirgin ba, kan aksul ya yi ja ya yi laushi ya karye, tarago ya sauka daga layi ya ja na bayansa. Abin da ya faru ke nan a garin East Palestine na jihar Ohayo a Amurka ranar 3 ga Fabrairu 2023, a ƙasar da babu takunkumi babu ƙarancin kaya. To ina ga inda ake maneji.

Taragon kaya na Rasha aksul huɗu gare shi, kowane aksul akwati biyu. A tsohon samfuri kowane akwati boris biyu ne, wato 16 a tarago, ana buɗewa a wanke a sake giris, aksul ɗaya kuma yana ɗaukar tan 23.5. Sabon samfuri yana ɗaukar tan 25, da boris rufaffe guda ɗaya a kowane akwati, takwas ke nan, wanda aka yi shi ya yi shekara takwas ko kilomita 800,000 ba a buɗe shi ba. Wannan rufaffen, masana'antu uku ne ke haɗa shi a Rasha kafin 2022: SKF na Suwidin a garin Tver, Timken na Amurka a Tikhvin, da haɗin gwiwar EPK na Rasha da Brenco na Amurka a Saratov. Haɗawa na ce, ka lura. 'Ya'yan boris ɗin, da robar, da giris ɗin kansa, yawanci daga waje suke zuwa. Da kamfanonin suka janye bayan fara yaƙin Yukiren, kafin shekarar ta ƙare dubban sabbin taragai sun tsaya, jikinsu lafiya lau, abin da ya hana su tafiya kuwa ƙarfe ne da mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Daga baya aka koma sayo na Sin da haɗa na gida.

Kada ka ɗauka boris abu ne da maƙeri mai himma zai kwaikwaya. Ƙarfensa sai an tace shi sosai, don ɗigon datti guda a cikinsa nan tsaga za ta fara. Ana gasa shi da awo, a goge shi da injin da kuskurensa bai kai kaurin gashi ba, kusa ma bai yi ba. Irin waɗannan injinan sassaƙa ƙarfe masu kwamfuta, Rasha daga Jamus da Japan da Italiya da Taiwan ta saba sayo su. Injin yana nan a masana'anta, amma bakin yankansa yana cinyewa, allon lantarkinsa yana ƙonewa, mai zuwa gyara daga kamfani kuma ya daina zuwa. Ana samun kayan ta bayan gida, ta Turkiyya ko Kazakistan ko Hadaddiyar Daular Larabawa, amma da tsada, da jinkiri, wani lokaci da jabu a ciki.

Inda maganar malaminku ta shigo ke nan. Babbar masana'antar tankokin Rasha, Uralvagonzavod da ke Nizhny Tagil, ma'anar sunanta masana'antar tarago ta yankin Ural, kuma har yau tana ƙera taragai a gefen tankoki samfurin T-72 da T-90M. Masu walda ɗaya ake nema, masu sassaƙa ɗaya, narkakken ƙarfe ɗaya. Tanka tana da ƙafafu shida kowane gefe, ga akwatin giya, ga zoben da kanta ke juyawa a kai, duk boris. In kaya sun yi kaɗan ka san wanda za a fara ba. Albashi ma haka: soja da masana'antar makamai suna biya fiye da reluwe, shi ya sa a 2024 kamfanin jirgin ƙasa na Rasha ya fito ya ce yana ƙarancin dubban direbobi da mataimakansu. Kan jirgi da ba direba da wanda ba kayan gyara, duk a ajiye suke.

Abin dariyar shi ne sojan da ya kwashe ma'aikatan shi ya fi kowa buƙatar layin dogo. Tanka ta haura tan 40, tarago guda take cinyewa, kuma ba a tuƙa ta kilomita dubu zuwa fagen daga, sarƙarta da injinta za su gama aiki a hanya. Harsashin igwa mai faɗin milimita 152 ya ɗan haura kilo 43. Ka ɗauka ana harba dubu goma a rana: tan 430 ke nan, ban da albarushi da akwatuna da man fetur da abinci. Jirgin soja ke da hanya, na kwal da na hatsi su jira a gefe. Ga shi kuma kasuwar Turai ta rufe, kaya sun juya gabas zuwa Sin, sun cunkushe a layin Saberiya da na Baikal-Amur da ba a gina su don wannan nauyi ba. Kayan da reluwen Rasha ya ɗauka ya sauka daga kusan tan biliyan 1.28 a 2021 zuwa kusan 1.18 a 2024. Babban bankin ƙasar kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari a Oktoba 2024, sayen sabon kan jirgi da bashi ya zama wahala.

Igwa ita ma tana da nata ciwon. Kowane harbi yana ɗan cin cikin bututun, bayan harbi dubu biyu ko makamancin haka da cikakken albarushi, harsashi ya fara faɗuwa inda ba a aike shi ba. Sai a ƙara yawan harbi don a samu abin da ake nufi, bututun ya ƙara cinyewa, jirgi ya ƙara ɗauko harsasai. Saboda haka aka riƙa kwance bututu daga tsofaffin igwogin zamanin Tarayyar Sobiyet da ke jibge a fili.

Wannan kwance-kwancen ma tsohuwar al'ada ce ta 'yan reluwe, a yanka kan jirgi ɗaya a ciyar da biyu. 'Yan uwanmu na Sudan sun san ta, don takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya hana su kayan gyaran kawunan jirgi ƙirar Amurka, garejin reluwe na garin Atbara ya cika da gawarwakin kawunan jirgi. Illarta ita ce kayan da aka ciro ya riga ya ci rabin rayuwarsa, wanda aka yanka kuma ba ya tashi.

Sai dai kada ka yarda da mai ce maka rashin boris zai tsayar da yaƙi gobe. An taɓa gwadawa. A 1943 jiragen saman Amurka sun kai wa masana'antun boris na Schweinfurt a Jamus hari, a 17 ga Agusta da 14 ga Oktoba, a kowace rana suka rasa jirage 60, in an haɗa da waɗanda suka faɗi a harin garin Regensburg da aka kai tare a ranar farko. Jamus ta zari na ajiya, ta sayo daga Suwidin, ta sauya zanen wasu injina, ta ci gaba. Abin da ya durƙusar da masana'antunta daga baya shi ne ragargaza layukan dogo da hanyoyin ruwa daga ƙarshen 1944, lokacin da kwal ɗin yankin Ruhr na Jamus ya kasa fita. A ganina takunkumi yana rage inganci ne ya ƙara tsada: madubin hango dare na kamfanin Thales na Faransa ya ƙare, a sa wa wasu tankoki mai gajeren gani; boris mai shekara takwas ya ƙare, a sa wanda sai an riƙa sa masa ido a kowace tasha.

In ka samu dama ka tsaya kusa da mai duba tarago, ka lura ba ya taɓa akwati ɗaya ya yanke hukunci. Yana gwada shi da na kusa da shi a gefe ɗaya na jirgin, don ɓangaren da rana ta buga dole ya fi ɗumi. Yana duban ko giris ya fantsama a jikin ƙafar, yana shinshina ƙauri. Kuma da zarar jirgi ya tsaya yake zagayawa, kafin ƙarfe ya huce ya ɓoye laifinsa.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.