Kada ka taɓa awon Sitopaladi

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai na natsu. Cewa ka yi garin tarin nan na Indiya da muke haɗawa, Sitopaladi, ka lura fiye da rabinsa sukari ne, ga shi kullum mutane na cewa a ba su "mai ƙarfi". To me zai hana mu rage sukarin mu ƙara pippali, yajin da ke cikinsa? Tambayar ta yi mini daɗi, don ta nuna idonka na kan sikeli lokacin da kake zubawa. Amma ba za mu taɓa awon ba.

Ka san shi da ka: sukarin ƙanƙara, wanda Indiyawa ke kira misri, kashi 16; tabashir, farin abin cikin gora, 8; pippali 4; kadamom 2; kirfa 1. Kowane rabin na gabansa ne. Idan ka tara, kashi 31 ke nan, shi ya sa haɗinmu ke tashi giram 310: 160, 80, 40, 20, 10. Ba ni na tsara wannan ba, ba kuma tsohon da ya koya mini a Delhi ba. Yana cikin Charaka Samhita, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Ayurveda, likitancin gargajiya na Indiya, wanda ya doshi shekara dubu biyu. Sunan maganin ma daga sukarin aka ɗauko shi, don sitopala na nufin wannan sukarin. Ka ga ashe abin da kake so ka rage shi ne uban gidan.

Pippali ɗan'uwan masoro ne, dangi ɗaya suke, sai dai shi dogo ne kamar ƙaramar zangarniya. Ɗauki guda ka tauna. Da farko ba za ka ji komai ba, can sai zafi ya taso daga ƙasan harshe ya kama maƙogwaro, yawu ya cika maka baki. Wannan zafin ne aikinsa, shi ke sassauta majina ta taso. To yanzu ka tuna da mutumin da ya kwana uku yana busasshen tari, maƙogwaronsa kamar an kankare shi da wuƙa. In ka ba shi pippali tsagwaronsa, ka zuba barkono a miki. Sukari da tabashir su ne ke riƙe da linzaminsa, su sanyaya wurin da zai bi. Kuma shi wannan littafin da ya ba mu haɗin ya lissafa abubuwa uku da ya ce kada a yawaita su, kada a daɗe a kansu: gishiri, da toka irin ta kanwa, da pippali. Masu shi ma suna jin tsoronsa. Likitocin zamani sun gano wani abu kuma, cewa sinadarin yajin da ke cikinsa yana sa jiki ya zuƙi wasu magungunan asibiti fiye da yadda aka auna, musamman wasu na farfaɗiya da na asma. Saboda haka nake tambayar kowa ko yana shan wani magani, kai kuma kana ganin kamar jan zance nake yi.

In kana neman inda ƙarfin haɗin ke zubewa, duba kayan da kansu. Tabashir wani farin abu ne da ke taruwa a cikin gaɓar gora, mara nauyi, kuma ba kowace gora ke da shi ba. Da na shiga kasuwar Khari Baoli a tsohuwar Delhi na ga buhunansa jibge, sai na tambayi mai shagon ina aka samu gora mai yawa haka. Ya dube ni ya ce mafi yawan na kasuwa a masana'anta ake yin sa, na gaske yana cikin aljihun tebur, kuɗinsa daban. Tun ranar ba na sayen tabashir mai arha. Kadamom kuwa a ɓare shi ranar da za a daka, don ƙamshinsa ba ya jira. A daka kowanne shi kaɗai, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi, sai an gama sannan a auna. Wanda ya auna kafin ya tankaɗe, tsakin da ya rage a rariya ya riga ya ɓata masa lissafi. Sukarin yana jan laima, don haka kwalba busasshiya, murfi gam, kuma da damina kada ka haɗa da yawa.

Yadda ake sha ma rabin maganin ne. Giram 1 zuwa 3 ga babba, a kwaɓa da zuma, a riƙa lasa a hankali ya daɗe a maƙogwaro. In tarin busasshe ne a ɗan sa man shanu. Masu Ayurveda ba sa daidaita zuma da man shanu kai da kai, ba sa kuma ɗora zuma a wuta, ni ma haka na karɓa, haka nake bi. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan, wannan har asibiti sun hana. Mai ciwon sukari ka gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwalbar. Mai juna biyu ta fara jin ta bakin ungozomar asibiti.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a maganarka. Wanda ya dawo yana neman "mai ƙarfi", sau da yawa ba ƙarfin maganin ne ya gaza ba. Shekarun baya, kafin ka zo, akwai wani tela da ya saya a wurina sau huɗu a hunturu guda. Duk zuwan da zai yi sai ya ce ya ji dama-dama, in ƙara masa. Ina kallon wuyan rigarsa yana yi masa yawa, ƙasusuwan ƙirjinsa suna fitowa, na ce a raina wahalar ɗinkin sallah ce. Ban tambaye shi zufar dare ba, ban tambaye shi ko yana ganin jini a kaki ba. Tarin fuka ne. Ya sha maganin asibiti wata shida ya warke, alhamdu lillahi, amma kafin nan ƙaramar 'yarsa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ta ɗauka. Garina ya kwantar masa da tarin daidai yadda zai iya ci gaba da jinkiri. Har yau in na wuce layinsu sai gabana ya faɗi.

Wani zai ce maka ai Charaka ma a babin ciwon rama, wato tarin fuka, ya kawo Sitopaladi. Gaskiya ne. A zamaninsa babu abin da ke kashe ƙwayar cutar, iyakar mai magani ya sauƙaƙa wa majinyaci. Maganin farko da ya iya da ita, streptomycin, sai a 1943 aka gano shi. Mu da muka zo bayan haka ba mu da uzuri. Garinmu na tarin mura ne, da na ƙurar hunturu, da kaushin maƙogwaro. Tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da jini, ko rama, ko zufar dare, ko numfashi na sarƙewa, ka mayar da kwalbar kan kanta ka tura mutum gwajin kaki. A asibitocin gwamnati kyauta ake yi, maganin ma kyauta. Yaron da ƙirjinsa ke shiga ciki in yana numfashi, wannan ko minti ɗaya kada ya yi a shagonmu.

Na gwangwani da dillalai ke kawo mana kuma, ka duba lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. In ka ga kalmar bhasma, tokar ƙarfe ce ko ta ma'adini, ba ma ajiye shi. A wani bincike da aka wallafa a 2004 an gwada irin waɗannan magunguna guda 70 daga shagunan Boston a Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14.

Gobe ka zo da wuri. Kai za ka haɗa giram 310 ɗin daga daka har rufe kwalba, ni ina gefe. Mutum na farko da ya nemi maganin tari kuma, kai za ka tambaye shi kwana nawa ya yi yana yi.